Tambayoyi da Amsoshi Kan Bileni Mai Tsalle, Ɗan Kifin Duwatsun Tsibirin Guwam

Duk wanda ya ga bidiyon wani ɗan kifi yana tsalle daga dutse zuwa dutse a bakin teku, yana kuma gudun igiyar ruwa kamar wanda bai iya iyo ba, sai tambayoyi sun cika masa baki. Ɗalibai da malaman kimiyyar halittu da masu kiwon kifin ado kusan tambayoyi iri ɗaya suke maimaitawa a kansa. Su ne aka tattaro a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Wane irin kifi ne wannan, kuma mene ne sunansa?

Sunansa na kimiyya Alticus arnoldorum, an kuma fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1938. Ɗan dangin da ake kira bileni ne, wato Blenniidae, dangi mai nau'i kusan 400 da suka bazu a gaɓar tekunan duniya. Sunan dangin ya samo asali daga wata kalmar Girkanci mai nufin yauƙi, kuma sunan ya dace da su, domin jikinsu ba shi da ɓawo irin na karfasa, sulɓi ne da shi kamar na tarwaɗa. Hausa ba ta da suna nasa na gado tunda ba kifin ruwayenmu ba ne, shi ya sa a nan muke ce masa bileni mai tsalle.

Tsawonsa ba ya wuce santimita 8, kwatankwacin ɗan yatsan babban mutum. Kansa dunƙulalle ne, idanu a can sama, baki a ƙasa, jiki siriri mai launin toka da ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo. Namiji yana da tukku a ka kamar zankon zakara.

A ina ake samunsa?

A tsibiran Tekun Fasifik masu zafi: tsibiran Mariyana, da Samowa, da tsibiran Kuk, da rukunin tsibiran da Tahiti ke ciki. Inda aka fi nazarinsa shi ne Guwam, tsibiri mafi girma kuma mafi kudu a jerin Mariyana, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 540. Guwam tana ƙarƙashin Amurka tun 1898, lokacin da ta karɓe ta daga hannun Sifaniya, kuma mutanenta na asali su ne Camoro.

Sai dai faɗin sunan tsibiri bai isa ya nuna mazauninsa ba. Kifin ba ya zama a yashi, ba ya zama a cikin zurfi, ba ya hawa can tudu. Wurinsa wata 'yar siririyar gaɓa ce ta duwatsu masu ramuka, inda igiyar ruwa ke bugawa ta fantsama amma ba ta rufe dutsen. Ka ɗan matsa ƙasa, ruwa ne. Ka ɗan matsa sama, dutse ne busasshe mai zafin rana. Tsakanin waɗannan biyun yake ci, yake faɗa, yake neman mace, yake gadin ƙwai. Kusan duk amsoshin da ke tafe suna komawa ne ga ƙuncin wannan wuri.

Da gaske ne ba ya son shiga ruwa?

Da gaske ne. Babban kifi, wanda ya gama girma, yana ƙare rayuwarsa a kan dutse, kuma idan babbar igiya ta taho sai ya yi tsalle sama ko ya faɗa rami. Ko mutum ya matso da niyyar kama shi, ya fi son ya tsere ta kan dutse da ya faɗa teku. Ya iya iyo, kuma idan igiya ta share shi yakan dawo da sauri.

Amma kada a ɗauka ya rabu da ruwa. Feshin igiya shi ne ransa, kamar yadda amsa ta gaba ta bayyana. Haka kuma yarintarsa duka a cikin teku yake yin ta; dubi amsar da ta shafi haihuwa.

To yaya yake numfashi a waje?

Ta hanya biyu: ta fatarsa, da kuma ta jajayen kafofin nan da ke ƙarƙashin kumatun kifi, waɗanda mai gyaran kifi ke cirewa kafin suya. Ba shi da huhu. Fatar tasa marar ɓawo tana da ƙananan jijiyoyin jini dab da waje, don haka iskar oksijin tana narkewa a cikin laimar jikinsa ta wuce cikin jini. Sharaɗin ɗaya ne, kuma ba sassauci a cikinsa: dole jikin ya kasance da danshi. Da zarar ya bushe, iska ba ta da hanyar shiga, sai ya shaƙe ya mutu alhali yana tsakiyar iska.

Shi ya sa za ka ga yana yawan mirginawa a cikin 'yar laimar da ta taru a kwarmin dutse, ya jiƙa wannan gefe ya jiƙa wancan, sannan ya ci gaba da kiwo. Yauƙin jikinsa ma yana rage saurin bushewa.

Ba irin gaiwa ko tarwaɗarmu ba ne ke nan?

Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ita ta fi fitowa daga bakin wanda ya san fadama. Gaiwa tana da huhu na gaske. Idan tafki ya ƙafe takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ke bushewa ya zama kamar kwanso, ta kwanta watanni har damina ta dawo. Tarwaɗa kuwa tana da wata gaɓa mai rassa a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iska, shi ya sa take daɗewa a daron mai sayarwa ba ta mutu ba, kuma takan ja ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa daga kududdufi zuwa wani.

Dukansu biyu larura ce ke fitar da su, ruwa kuma shi ne gidansu. Bileni mai tsalle ruwan teku na gabansa dare da rana, bai taɓa ƙafewa ba, amma ya zaɓi dutse. A nan bambancin yake. Ta fuskar dangantaka ma sun yi nisa da juna ƙwarai.

Shi ne kifin lakar nan da ake gani a Neja Delta?

A'a. Wancan, mai idanu tsuru-tsuru a saman kai da ke yawo a lakar dazuzzukan bakin teku a kudancin Najeriya da sauran gaɓar Afirka ta Yamma, daga wani dangi yake daban. Yana tafiya ne da fikafikan ƙirjinsa kamar mai dogara sanduna biyu, yana haƙa rami a laka, yana farautar ƙananan halittu. Bileni kuwa da wutsiya yake tafiya, a kan dutse yake zama, kuma kiwo yake yi.

Yaya yake yin tsallen, alhali ba shi da ƙafa?

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaukar hankali a tattare da shi. Wata masaniyar motsin dabbobi, Tonia Hsieh, ta wallafa nazarinta a kai a 2010, bayan ta ɗauki kifin da kyamara mai saurin ɗauka ta yadda za a iya rage gudun hoton a ga kowane motsi. Ga abin da ido ke gani idan an sassauta: kifin yana lanƙwasa jikinsa har wutsiya ta zo kusa da kai, kamar baka. Sai ya murɗa wutsiyar ta juya, faffaɗan gefenta ya kwanta a kan dutse maimakon siririn bakinta. Daga nan ya miƙe jiki gaba ɗaya, wutsiyar ta tunkuɗa dutsen, ya tashi sama. Duk wannan cikin ƙiftawar ido.

Murɗawar ita ce sirrin. Sauran kifaye idan suka faɗo tudu, suna bugun wutsiya hagu da dama kamar yadda suke yi a ruwa, su yi ta birgima babu alƙibla. Shi kuwa tunda faɗin wutsiyarsa ne ke taka dutse, yana samun riƙo, yana kuma iya saita inda zai dira. Hsieh ta gwada shi da wasu danginsa da ba su kai shi zaman tudu ba, ta samu ya fi su daidaito da sarrafa jiki da saurin kuɓucewa. Kafin wannan nazari ba a taɓa rubuta irin wannan murɗa wutsiya a wani kifi ba.

Faffaɗan fikafikansa kuma suna taimaka masa ya manne a jikin dutse mai santsi, har a tsaye, lokacin da ruwa ke kwarara a kansa. Yawancin bileni idan sun girma ba su da jakar iskar nan da ke sa sauran kifaye yin yawo a tsakiyar ruwa, don haka tun asali dangin masu zaman ƙasa ne, masu laɓewa a jikin dutse.

Me yake ci?

Gansakuka da ɓarɓashin matattun halittu da ke manne a jikin jiƙaƙƙen dutse. Haƙoransa ƙanana ne, jere reras kamar haƙoran mataji, da su yake kankarar dutsen. Wani nazari na 2020 da Terry Ord na Jami'ar New South Wales a Ostireliya ya yi tare da abokin aikinsa ya nuna cewa bileni da ke zaune cikin ruwa suna da sassauci wajen abinci, suna cin wannan su ci wancan, kuma wannan sassauci ya taimaka wa wasunsu wajen gwada fitowa waje. Waɗanda suka tare a tudu kuwa sun koma kusan abinci iri ɗaya, da haƙoran da suka dace da kankara kawai.

A wane lokaci na yini ake ganinsa?

Ba kowane lokaci ba, kuma masu zuwa kallonsa da yawa sukan koma hannu rabbana don rashin sanin haka. Teku tana cika ta janye kusan sau biyu a kwana, saboda jan da wata ke yi mata. Idan ta janye sosai, feshi ba ya kaiwa duwatsun, rana ta gasa su, sai kifin ya shige ramuka masu laima ya jira. Idan ta cika ta tumbatsa, igiyoyi sun yi ƙarfin da za su share shi, nan ma rami yake komawa ko ya hau sama. Lokacinsa shi ne tsaka-tsaki, 'yan sa'o'in da ruwa ke kan hawa ko sauka, kuma zafin iska bai yi tsanani ba. Ord da Hsieh sun bayyana haka a nazarinsu na 2011 a Guwam.

A cikin waɗannan 'yan sa'o'i dole ya ci ya ƙoshi, ya kare yankinsa, ya kuma nemi mace. Wanda ya san hakan zai fahimci dalilin rawar jikin da yake yi, ba ya zama wuri guda.

Me ya sa yake gyaɗa kai yana ɗaga fiffiken baya?

Wanda ya taɓa zama ya kalli jan gwada a kan katanga yana gyaɗa kai ya riga ya san rabin amsar. Namijin bileni yakan tsaya a bakin raminsa, ya fito da kai, ya yi ta gyaɗawa da ƙarfi, tukkun kansa na rawa, don ya jawo hankalin mace ta zo ta duba ramin. Fiffiken bayansa kuma yana da launin ja mai haske. Yawancin lokaci a kwance yake, a ɓoye. Idan wani ya shigo masa yanki sai ya ɗaga shi farat ɗaya, jan ya bayyana, sannan ya mayar. Maza da mata duk suna wannan ɗagawa a lokacin husuma, kuma idan gargaɗi bai yi ba sai a kai ga kora da cizo.

Hikimar ɓoye jan a bayyane take idan an karanta amsar da ke magana kan masu farautarsa: launin da zai gargaɗi abokin husuma shi ne kuma zai tona masa asiri ga tsuntsu.

Yaya yake haihuwa?

Mace tana shiga ramin namijin da ta zaɓa, ta manna ƙwanta a bangon ramin, namiji ya barbare su, shi ne kuma mai gadinsu har su ƙyanƙyashe. Ramin yana sama da ruwa, feshi ne ke riƙe masa laima. Rami mai kyau dukiya ce a wurinsu, shi ya sa faɗan maza ya fi zafi a kansa.

Idan 'ya'yan suka fito, igiya ke kwashe su zuwa teku. A can suke yin wasu makonni suna shawagi, ƙanana ƙwarai, kusan ana ganin cikinsu, kafin su dawo gaɓa su hau dutse. Wannan zango shi ne amsar wata tambayar da ake yawan haɗawa da wannan: ta yaya kifin da ke gudun ruwa ya bazu a tsibiran da dubban kilomitoci suka raba? Manyan ba sa ƙetarewa. Jariran ne ruwa ke ɗauka.

Su wa ke farautarsa, kuma yaya yake kare kansa?

A kan dutse maƙiyansa tsuntsaye ne da ƙaguwa da ƙadangaru. Kariyarsa ta farko launi ce, domin jikinsa ya saje da dutsen da yake kai har sai ya motsa za ka gan shi. Courtney Morgans da Terry Ord sun gwada ƙarfin wannan sajewa a wani nazari da ya fito a 2013. Sun auna launin kifin a wurare 5 a kewayen Guwam suka kwatanta da launin duwatsun kowane wuri. Sannan suka ƙera kifayen bogi da wata laka mai taushi irin ta wasan yara, suka ajiye wasu a kan dutse inda launinsu ya ɓace, wasu a kan yashi inda suka fito fili. Bayan kwanaki suka dawo suka duba tabon baki da na ƙafa a jikin lakar. Na kan yashi sun fi shan hari.

Dabarar tana da daɗin koyarwa a aji, domin ba ta bukatar na'ura mai tsada. Taushin lakar ne ke ajiye shaidar wanda ya kai cizo. Kariya ta biyu ita ce tsallen da aka bayyana a sama, ta uku kuma rami.

Me ya fitar da shi daga ruwa tun farko?

Amsar da ta fi ƙarfi zuwa yanzu ita ce tsoro. A 2017 Ord da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gani a tsibirin Rarotonga na tsibiran Kuk, inda ake da wasu nau'o'in bileni masu shiga ruwa su fita. Idan teku ta fara cika, manyan kifaye masu farauta suna biyo ruwan zuwa gaɓa, su kuma bileni sai su haura kan dutse. Da aka sake amfani da kifayen laka, wasu a cikin ruwa wasu a waje, na cikin ruwa suka fi shan cizo. Wato duk da tsuntsu da ƙaguwa, dutse ya fi ruwa aminci ga ɗan ƙaramin kifi. Ga kuma gansakuka da ba masu rububinta da yawa, ga ramukan ajiye ƙwai.

Wani nazarin na 2016 na Ord da Georgina Cooke ya gano cewa ɗabi'ar fita tudu ta bayyana a dangogin kifi 33, kuma a cikin dangin bileni kaɗai ta ɓullo fiye da sau ɗaya, kowace da kanta. Fitowar ba ita ce mai wuya ba. Abin da ke da wuya shi ne zama, saboda bushewa, kuma kaɗan ne suka kai inda wannan kifi ya kai.

Shin shi ne kakan dabbobin tudu da ake faɗa a littattafan kimiyya?

A'a, kuma wannan kuskure ne da ke yawo sosai. Halittun da masana ke dangantawa da farkon dabbobi masu ƙafa huɗu sun rayu ne shekaru kusan miliyan 375 da suka wuce, kamar Tiktaalik da aka tono ƙasusuwansa a arewacin Kanada a 2004, kuma suna da fikafikai masu nama da ƙashi a ciki. Gaiwa ta fi bileni kusanci da wannan reshe nesa ba kusa ba. Abin da ke jawo masana ga bileni shi ne yana da rai, ana iya zama a kalle shi, a auna irin matsalolin da kifi ke fuskanta idan ya bar ruwa. Ƙashin da ya zama dutse ba ya nuna yadda mai shi ke neman mace ko gudun tsuntsu.

Yana da dafi? Ana cinsa?

Ba shi da dafi. Masu dafi a dangin su ne na jinsin Meiacanthus, masu fiƙoƙi biyu a muƙamuƙin ƙasa, kuma a cikin ruwa suke zama tsakanin murjani. Wani bincike na 2017 ya nuna dafinsu yana saukar da ƙarfin bugun jinin wanda aka ciza, ya rikita shi har ɗan kifin ya kuɓuce. Game da ci, dabbar teku halal ce a mazhabar Malikiyya, amma kifin da bai fi ɗan yatsa ba, mai wuyar kamu haka, ba abin da masunci zai ɓata yininsa a kai ba ne.

Zan iya ajiye shi a tankin gilashi a gida?

Shawarata ita ce kada a yi. Akwai bileni na cikin ruwa da ake kiwo a tankin ruwan gishiri suna kuma yin kyau. Wannan kuwa yana bukatar dutse a waje da ruwa, da feshin ruwan gishiri da ba ya yankewa, da gansakuka mai tsirowa, da marfi mai ƙarfi domin yana iya hawa bango ya tsallake. Inda wutar lantarki ke ɗaukewa, famfo na tsayawa na 'yan sa'o'i dutsen zai bushe, kuma amsar da ta yi bayanin numfashi ta faɗi abin da zai biyo baya.

Akwai danginsa kusa da mu?

Akwai. Jinsin Alticus yana da wakilai a gaɓar Bahar Maliya da gabashin Afirka da tsibiran Tekun Indiya irin su Morishiyos, don haka wanda ke zaune a Fot Sudan ko ya je Jidda yana iya cin karo da ɗan uwansa a kan duwatsun bakin ruwa idan ya yi haƙurin zama shiru. A ɓangaren Atilantika kuma akwai Ophioblennius atlanticus, wani bileni da ke zaune a ruwa marar zurfi cikin duwatsun tsibiran Kef Bade da Kanari da Madera, sai dai shi ba ya barin ruwa.

Yana cikin haɗarin ƙarewa?

A jerin ƙungiyar IUCN mai sa ido kan halittun duniya, yana cikin rukunin da ba a fargabar ƙarewarsu a yanzu, saboda ya bazu a tsibirai da yawa. Duk da haka ina ganin bai kamata wannan ya kwantar da hankali gaba ɗaya ba. Kifin da rayuwarsa ta rataya a kan 'yan taku na jiƙaƙƙen dutse, da 'yan sa'o'i na tsaka-tsakin zafi, abu kaɗan ke taɓa shi. Idan aka zuba kankare a gaɓa aka toshe ramuka, wurin ƙwai ya tafi. Idan man jirgi ya malala, a kan daidai wannan layi na feshi yake taruwa, kuma fatar da kifin ke numfashi da ita ce za ta fara shafarsa. Idan zafin iska ya ƙaru, sa'o'in kiwonsa ne ke raguwa.

Guguwa kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Guwam tana kan hanyar manyan guguwowin teku, kamar Mawar da ta afka mata a watan Mayun 2023, kuma rami mai zurfi a dutse shi ne mafakarsa a irin wannan rana, kamar yadda yake a kowace cikar teku.